Daga Harshen Maciji zuwa Ƙashin Jobar

Ranar da na fara tsayawa gaban ƙasusuwan nan na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai, wani dattijo da ke kusa da ni ya ce ai na samudawa ne. Na so in yi dariya, sai daga baya na gane cewa haka kowace al'umma ta fara.

Mutanen tsibirin Malta sun daɗe suna tsintar wasu duwatsu masu kusurwa uku a cikin ƙasa, suna cewa harsunan macizai ne da waliyyi Bulus ya mayar dutse. Har rataya su ake yi don maganin dafi. Masana kuwa da yawansu cewa suke ƙasa ce da kanta ke tsiro da irin waɗannan siffofi. Ibn Sina ya riga ya rubuta cewa dabba ko tsiro na iya rikiɗa su zama dutse.

A 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak kusa da Liborno a Italiya, aka kai wa likita Nikolas Steno kansa ya feɗe. Yana duba haƙoran, sai ga "harsunan macizai" sak. Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da ya bi da ita: ta yaya haƙori ya shiga cikin dutse? Amsarsa ita ce laka ce ta binne shi tun tana ɗanya, hawa bisa hawa, na ƙasa ya girmi na sama.

Saura magana mai nauyi. A 1796 Georges Cuvier ya gwada ƙasusuwan mamut da na giwayen Afirka da Indiya a Faris, ya nuna cewa jinsi ne daban, kuma ya ƙare ƙaf. Mutane da yawa ba su ji daɗin jin cewa halitta na iya gushewa ba.

A nan Nijar, makiyayan Abzinawa sun san ƙasusuwan da ke zube a yankin Ingal, suna jingina su ga wani dodo mai suna Jobar. Da ayarin Paul Sereno ya haƙo dabbar, sai a 1999 aka raɗa mata suna Jobaria.