Furotin na Ruwan Jini da Kumburin Tamowa: Yadda Ya Kamata a Karanta Gwajin Albumin a Zangon Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da masana suka tabbatar game da furotin da ke cikin ruwan jini, ta kuma auna shi da halin da ƙananan asibitoci ke ciki a Ƙaramar Hukumar Zango ta Masarautar Daura. Matsayarta ita ce, ƙarancin albumin shi kaɗai ba ya gaya wa ma'aikacin lafiya cutar da ke damun yaro mai kumburi.

Gabatarwa

Idan aka tace ƙwayoyin jini, ruwan da ya rage shi ne kimanin kashi 55 cikin 100 na jinin mutum. A kowace desilita ta wannan ruwa akwai giram 6 zuwa 8 na furotin. Albumin, wanda hanta ke sarrafawa, shi ne fiye da rabi, wato giram 3.5 zuwa 5. Sauran su ne dangin gulobulin, da suka haɗa da garkuwar jiki, sai fibirinojin mai sa jini ya daskare. Tun 1896 Ernest Starling ya bayyana cewa furotin ne ke riƙe ruwa a cikin ƙananan hanyoyin jini, kuma albumin ne ke ɗauke da kusan kashi 80 na wannan aiki. In ya yi ƙasa, ruwa sai ya tsiyaye cikin tsoka, ƙafafu su kumbura.

Batun ya shafi Zango kai tsaye. Yanki ne na gero, dawa da wake a kan iyakar Nijar, inda rumbuna ke yin ƙasa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke tsananta. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida, kuma masu kumburin tamowa sun ƙaru da kashi 208 cikin 100 a kan na 2024.

Saɓanin masana

A 1933 Cicely Williams ta siffanta cutar kumburin tamowa a Akara, a jikin yaran da aka yaye aka ɗora su a kan kunun masara. Shekaru da dama an tafi a kan cewa rashin furotin a abinci ne ke rage albumin, shi kuma ya jawo kumburi. A 1980 Michael Golden da abokan aikinsa a Jamaika suka ruwaito cewa kumburin yara ya saɓe alhali albumin ɗinsu bai tashi ba. Ralph Hendrickse ya ɗora zargi a kan gubar afulatoksin da ke cikin hatsi da gyaɗar da suka yi fumfuna, wani bincike na 2013 a kan tagwaye a Malawi kuma ya nuna hannun ƙwayoyin hanji. A 2015 Malcolm Coulthard ya sake duba alƙaluman, ya dawo da albumin tsakiyar bayanin. A ganin mai wannan maƙala, Coulthard ya fi kusa da gaskiya game da yadda ruwan ke fita, amma hakan bai amsa dalilin faɗuwar albumin ɗin ba.

A nan ne kuskure ke yawan shigowa. Albumin yakan yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya ƙare a jini, don haka ba ya nuna abin da yaro ya ci a makon jiya. Zazzaɓi, ƙyanda ko ciwon huhu suna sa hanta ta rage yin sa, ta koma yin furotin irin su CRP. Ƙoda mai yoyo tana zubar da shi a fitsari, hantar da ciwon hanta nau'in B ya cinye kuma ba ta iya yin sa. Akwai wani tarkon: a inda cizon sauro ya zama ruwan dare, gulobulin yakan yi sama, sai jimillar furotin ta fito daidai alhali albumin ya faɗi. Takardar gwajin da ta kawo jimillar kawai tana iya kwantar wa ma'aikaci hankali a kan yaron da ke bakin mutuwa.

Abin da ya dace a aikace

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya bai dogara da ɗakin gwaji ba. A danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku. In ramin ya zauna a duka biyun bayan an ɗaga, tamowa ce mai tsanani har sai an tabbatar da akasin haka, ko da awon damtsensa ya haura santimita 11.5. Iyaye kan ɗauki cikar kumatu a matsayin ƙiba, shi ya sa ake kawo irin waɗannan yara a makare.

Bayan wannan, tsinken gwajin fitsari ya fi gwajin albumin amfani a asibitin ƙauye. Furotin mai yawa a fitsari, tare da kumburin fatar ido da safe, yana nuni ga ƙoda, kuma wannan yaro na bukatar a tura shi Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Shi kuwa mai tamowa, ba a ba shi maganin sa fitsari, ba a kuma cika shi da nama da ƙwai a kwanakin farko. Madarar F-75 da ake fara ba shi giram 0.9 kacal na furotin take da shi a kowace mililita 100, domin hanta da zuciyarsa ba za su ɗauki fiye da haka ba. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma jinkirta shi ake yi, saboda tiransferin da ke ɗaukar ƙarfen ya yi ƙasa, ƙarfen da ya rage a sake kuwa ƙwayoyin cuta yake ciyarwa.

Saboda haka ana kira ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina da ta wadata asibitocin Zango da tsinken gwajin fitsari da madarar F-75 kafin watan Yuni, ɗakunan gwaji kuma su riƙa rubuta albumin da gulobulin daban-daban a kowace takarda.