Tsiron Dawa: Daga Harshen Mata Zuwa Ma'aunin Gilashi

Duk matar da ke dama kunun zaƙi a Sakajiki ko Shinkafi ta san ba a sheƙa wa gasara tafasasshen ruwa gaba ɗaya. Raba ta ake yi biyu. A dama mai yawan, a bari ta sha iska, sannan a juye ɗanyar da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali, a rufe ta kwana. Kafin gari ya waye kunu ya saki, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Sinadaran da ke cikin tsiro ne suka narkar da sitacin hatsi ya koma sukari, kuma zafi mai yawa kashe su yake yi, shi ya sa ake jira.

Da wannan aikin ake fara kowace giyar hatsi, har da burkutun da matan Maguzawa suka daɗe suna dafawa. A yankin Zamfara dai burkutu ya daɗe da rasa gindin zama. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara a shekarun 1780, Alkalawa ta faɗa hannun masu jihadinsa a 1808, sannan a Oktoban 1999 Gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ta fara aiki a Janairun 2000, aka haramta giya a jihar. Amma sanin tsiro bai bar madafa ba.

Mata da harshe suke gane zaƙin ruwan tsiro, su kuwa Turawa gilashi suka ƙera. A 1784 wani mai dafa giya a Ingila, John Richardson, ya wallafa bayanin ma'aunin da ake tsomawa cikin ruwan: in sukari ya yi yawa ruwa ya yi kauri, gilashin ya taso sama, in tsararo ne ya nutse. A 1843 Karl Balling ya tsara ma'auninsa a birnin Prague. A awon kauri, ruwa zalla 1.000 yake nunawa, ruwan tsiro na yau da kullum kuwa 1.040 zuwa 1.050, wato sukari wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a ma'aunin Balling. Gwamnati ba ta ganin awo ta ƙyale: daga 1880 Birtaniya ta koma karɓar haraji bisa wannan kaurin.

Amfanin awon shi ne a san abin da aka bari a dusa. Tsiron sha'ir mai kyau yana iya ba da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa. Sai a gwada abin da ya fito da abin da ya kamata ya fito. Giɓin da ke tsakani asara ce, ko daga niƙa mai tsaki, ko daga zafin ruwa, ko daga gaggawar tata.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole masana'antu suka dawo kan dawar Arewa, musamman irin SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru. Nan ma'auni ya tona asiri. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, inda sinadaran tsironta, waɗanda dama ba su kai na sha'ir ƙarfi ba, suke mutuwa. Injinan da aka ƙera don sha'ir sai suka riƙa fitar da ruwa mai ƙarancin sukari.

Masu burkutu da fito sun warware wannan tun kaka da kakanni. Su jiƙa garin tsiro, su bari ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye, su dafa ƙullun ƙasa shi kaɗai har ya nuna, in ya huce su mayar da ruwan da bai ga wuta ba. A ganina ba a ba matan nan haƙƙinsu ba a tarihin kimiyyar ƙasar nan. Masu bincike sun gwada dabarar a ɗakin gwaji, ta ƙara sukarin da ake samu, ko da yake kamfanoni da yawa sun gwammace sayen sinadarai daga waje su zuba wa ɗanyar dawa.

Lemun malta irin su Maltina da ake rabawa wurin biki a Ƙauran Namoda daga wannan ruwan tsiron yake fitowa. An auna kaurinsa da ma'aunin Balling da aka ƙara gyarawa, an tafasa, an tace, an ɗura a kwalba ba tare da an bari ya tashi ba.