Tsohon Kuɗi Ma Littafi Ne

'Yan uwa marubuta, kalmar zinariya da muke furtawa kullum ta sha doguwar tafiya. Daga dinarin Larabawa muka aro ta, su kuma suka aro daga Rumawa, waɗanda dinarinsu na azurfa ne.

Masu tara tsofaffin kuɗi suna rububin dinarin da aka buga lokacin yaƙin basasar Rum, domin kowane sarkin yaƙi da kuɗinsa yake yi wa dakarunsa magana. A shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Burutus, ɗaya daga cikin jagororin kashe Yuliyas Kaisar, ya sa aka buga dinari da fuskarsa, a bayansa kuma wuƙaƙe biyu da ranar kisan, 15 ga Maris. Bayan shekara goma, Markus Antoniyas ya buga nasa don biyan sojoji, amma ya rage masa azurfa. Sai jama'a suka riƙa ɓoye mai kyau suna kashe nasa, har ya haura shekara 200 yana yawo a kasuwa.

Mu ma a ƙasar Katsina muna da irin wannan shaida. Da wuri kakanninmu suke ciniki, attajirai kuma suna ajiye liyari, azurfar Austiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780. A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri. Daga 1907 suka fito da anini da kwabo masu huji, sunan Sarkin Ingila da boko, ƙimar kuɗin da baƙaƙen Larabci, saboda sun san rubutun da mutanenmu suke karantawa. Sulen 1913 azurfa ne, daga 1920 aka sauya masa ƙarfe. Naira kuwa sai 1973 ta zo.

Duk wanda zai rubuta labarin Dutsin-Ma ko Kurfi na zamanin Turawa, dole ya san me ake biyan haraji da sadaki da shi. Amsar tana cikin adakar kakanninmu, ga shi ana zubar da wasu, wasu maƙera suna narkewa su yi zobe. Idan mun samu, kada mu kankare shi. Mu ɗauki hotonsa gaba da baya, mu tambayi tsohuwar me ya taɓa saya mata, mu rubuta tun tana raye.