Numfashi da Aikin Huhu ga Yara Masu Lalurar Gaɓoɓi: Nazari Daga Yankin Babban Duhu na Safana

Wannan maƙala ta dubi wani ɓangare na lafiyar yara masu lalurar gaɓoɓi da ba a cika kula da shi ba a ƙauyukan Safana da Batsari na Jihar Katsina, wato ƙirji, domin hankalin iyaye da na masu taimako ya fi karkata ga keken guragu da sandunan dogarawa, alhali ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke zama ajalin irin waɗannan yara.

Tun da aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar shan-inna daga Nijeriya a shekarar 2020, naƙasar da ta fi buƙatar nazari ita ce shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa, wadda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ke haddasawa. Huhu ba ya motsa kansa. Tantanin nama da ke raba ƙirji da ciki, tare da naman da ke tsakanin haƙarƙari, su ke buɗa shi su matse shi. Idan waɗannan suka raunana, ko ƙashin baya ya karkace saboda yawan kwanciya, sai iskar da yaro ke shaƙa ta ragu, tarinsa kuma ya kasa fitar da majina, ita kuwa majinar da ta taru matattarar ƙwayoyin cuta ce.

Babban haɗarin yana wajen ciyarwa. Yaron da haɗiya ke yi masa wuya yakan ƙware, kunu ko koko ya bi hanyar iska ya sauka cikin huhu, kuma al'adar ɗura, wadda uwa ke yi saboda tausayi don kada ɗanta ya kwana da yunwa, tana ninka wannan haɗari, musamman idan an kwantar da shi rigingine. Hayaƙin itace da ƙurar hunturu suna ƙara tsananta lamarin.

Wajen gano matsalar kuwa, na'urar auna ƙarfin huhu tana buƙatar yaro ya fahimci umarni, ya kama bututu da leɓɓansa ya hura da ƙarfi, abin da da yawansu ba za su iya ba, ga shi kuma matsalar 'yan bindiga a kewayen Dajin Rugu ta sa tafiya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ta yi wuya. Saboda haka ƙidayar numfashi ta fi dacewa da wannan yanki: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, alama ce ta ciwon huhu.

Wajibi ne hukumomin lafiya na Jihar Katsina su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi kan wannan ƙidaya, su kuma koya wa iyaye zaunar da yaro a miƙe lokacin ciyarwa, da barin ɗura gaba ɗaya.