Gasar da Ta Cire wa Harshen Airish Kunya

Ƙidayar 1851 ta nuna cewa kusan mutum miliyan ɗaya da rabi ne ke magana da harshen Airish a tsibirin Ailan. Zuwa 1891 adadin ya faɗo kusan 680,000. Babbar yunwar da ta fara a 1845, sanadiyyar cutar da ta lalata dankali, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kuma kori wani miliyan zuwa ƙasashen waje, akasarinsu talakawan karkara masu wannan harshe. Makarantun da gwamnatin Birtaniya ta kafa tun 1831 da Turanci suke koyarwa. Iyaye da kansu suka shiga hana 'ya'yansu harshen gida, domin yaron da zai tafi Amurka ci-rani Turanci zai nema. Haka Airish ya zama tambarin talauci, har mai jin sa yana ɓoyewa.

Wannan kunya ce Douglas Hyde da Eoin MacNeill da abokansu suka ɗaura ɗamarar yaƙa lokacin da suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a birnin Dablin a watan Yulin 1893. Hyde ɗan limamin cocin Furotesta ne, MacNeill kuwa Katolika, amma harshe ya haɗa su. Suka buɗe azuzuwan dare ga ma'aikata da 'yan kasuwa, ana karanta ƙananan littattafan Fada Eugene O'Growney, malamai kuma suna bin ƙauyuka a kan keke.

Darasi kaɗai ba ya cire kunya. Shi ya sa a 1897 ƙungiyar ta shirya bikin Oireachtas na farko a zauren Rotunda da ke Dablin, ta yi koyi da bikin Eisteddfod na mutanen Wales. Aka sa kyauta kan waƙa da rubutu da ba da labari, sannan ƙananan bukukuwa da ake kira feis suka bazu a garuruwa. A nan abin ya juya. Manomi ko masunci daga yammacin ƙasar, wanda aka saba yi wa kallon baƙauye, shi ne ya hau dandali, 'yan boko na birni suka zauna suna saurare suna tafa masa. Salon waƙar gargajiya na sean-nós, wanda ake rerawa da murya zalla ba kiɗa, ya fito daga ɗakunan karkara ya sami alƙalai da kofi. Har yau babbar kyautarsa ita ce Corn Uí Riada, wadda aka sa wa sunan mawaƙi Seán Ó Riada. A fagen rubutu kuma, littafin Cré na Cille na Máirtín Ó Cadhain, inda matattu ke gulma da cacar baki a wata maƙabarta ta yankin Konamara da ke yammacin ƙasar, ya ci gasar a 1947, aka buga shi a 1949.

Bayan kafa gwamnatin 'yan ƙasa a 1922, an wajabta Airish a makarantu, tsarin mulkin 1937 ya ba shi matsayin harshen hukuma na farko, Hyde kuma ya zama shugaban ƙasa a 1938. Duk da haka yankunan Gaeltacht, inda ake tashi da harshen tun daga goyo, suka ci gaba da tsukewa. Yaro ya ci jarrabawa, ya fita kasuwa ya koma Turanci.

Ganin haka, ƙungiyar limaman Katolika ta Cumann na Sagart ta ƙirƙiro gasar Glór na nGael a 1961, cikin jagororinta har da Fada Tomás Ó Fiaich wanda daga baya ya zama Kadinal. Wannan karon gari ne ke karawa da gari. Kwamitin unguwa zai nuna abin da ya yi cikin shekara: allunan shaguna, tarukan yara, ibada da wasanni cikin Airish. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mai kanti da malami da uwar gida duk sai sun sa hannu kafin gari ya ci.

Wasu ma ba su jira kyauta ba. A 1969 mutanen Konamara suka tashi neman haƙƙinsu, a 1970 suka buɗe gidan rediyo ba da izini ba, har gwamnati ta kafa gidan rediyon Raidió na Gaeltachta a 1972. Tashar talabijin ta biyo baya a 1996. A Belfas da ke Arewacin Ailan, ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wasu matasan ma'aurata suka gina gidajensu da hannunsu a titin Shaw's Road domin su yi renon 'ya'yansu cikin Airish, a 1971 suka buɗe makaranta da yara 9, suka riƙe ta fiye da shekara 10 ba tallafin hukuma.

Ƙidayar 2022 a Jamhuriyar Ailan ta nuna kusan mutum miliyan 1.9 sun ce suna jin Airish, amma kusan 72,000 kacal ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Tazarar tana da faɗi, kuma doka ta riga ta yi iyakar ƙoƙarinta. Sauran aikin yana hannun iyaye da maƙwabta, kamar yadda yake tun 1893: su ne za su sa yaro ya ji cewa harshen kakarsa abin alfahari ne, ya kuma sami wanda zai amsa masa da shi a kan titi.