Firiza ta tsaye: abin da ke lalata ta da yadda ake kula da ita

Firiza ta tsaye tana adana abinci ne a digiri 18 ƙasa da sifili. Ta fi ta kwance saurin asarar sanyi, domin da zarar an buɗe ƙofarta sai iska mai sanyi ta kwararo waje.

A Ikara da Makarfi da Kudan, inda kamfanin Kaduna Electric ke raba wuta, abin da ya fi cutar da ita shi ne raunin lantarki da yawan ɗaukewarsa, waɗanda kan ƙona kwamfiresa. Ya kyautu a haɗa ta da sitabilaiza, kuma idan wuta ta dawo a jira minti 5 kafin a kunna ta. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba takan riƙe sanyi kimanin awa 48. Naman layya ya dogara da wannan.

Idan sanyi ya ragu, kada a yi gaggawar ƙara gas. A fara share ƙurar hunturu daga bayanta, sannan a maƙale takarda a ƙofa: idan ta zare cikin sauƙi, robar ta saki. Kada a kankare ƙanƙara da wuƙa, domin takan huda bututun gas, kuma R600a yana kama wuta.