Kogin iskar sama da tafiyar jiragen sama

Kogin iskar sama, wanda ake kira courant-jet da Faransanci, iska ce mai tsananin gudu da ke kaɗawa tsakanin kilomita 9 zuwa 16 daga doron ƙasa, daidai tsayin da manyan jiragen fasinja ke tafiya. Faɗinsa kan kai ɗaruruwan kilomita, tsawonsa dubbai. A tsakiyarsa gudun iskar kan wuce kilomita 200 a awa, wani lokaci har ya zarce 400.

Abin da ke haddasa shi shi ne haɗuwar iska mai zafi da mai sanyi, tare da juyawar duniya. Manyan kogunan huɗu ne, biyu a arewacin duniya, biyu a kudanci, kuma duk daga yamma suke nufar gabas. A arewa, ɗaya na ratsa Kanada da arewacin Turai, ɗayan kuma na bi ta kan Masar da arewacin Indiya. Sun fi ƙarfi lokacin sanyi. Wani masani ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna wannan iska tun shekarun 1920, sai dai da harshen Esperanto ya rubuta bincikensa, shi ya sa kusan ba wanda ya kula.

Ga kamfanonin jirage, maganar mai ce da lokaci. Jirgin da ya nufi gabas yakan shiga kogin domin iskar ta tura shi, mai zuwa yamma kuwa kauce masa yake yi. Don haka ake sake tsara hanyoyin ƙetare arewacin tekun Atalantika kowace rana. A watan Fabrairun 2020, wani Boeing 747 na British Airways ya tashi daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba wuce awa 6.

Haɗarin yana bakin kogin, inda iska mai gudu ke gogar mai tafiya sannu. Nan jirgi ke girgiza ba zato, ko da sama garau take babu gajimare, kuma na'urar hangen hadari ta jirgin ba ta ganinsa. Dalilin ke nan ake roƙon fasinja kada ya kwance maɗaurin kujerarsa in yana zaune.

A sararin samaniyar Nijar lamarin kan juye da damina. Daga Yuni zuwa Satumba wani kogin na tasowa daga wajen Indiya, a tsayin kilomita 14 zuwa 16, ya ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma. Masu hasashen yanayi na sa masa ido sosai, domin shekarun da ya yi ƙarfi galibi su ne shekarun da ruwan sama ke wadata a yankin.